Yadda Na Cire Hansai Daga Tebur

Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni sun riga sun san abin da na yi, waɗanda ba su san ni ba kuma sunan ba zai ƙara musu komai ba. Ku dai ɗauka wata dattijuwa ce daga wani ƙauye can wajen Makoda take muku magana, ku yaran da kuke zama gaban kwamfuta yanzu, kuna ganin tunda ba wuƙa ba ce a hannunku ba za ku iya cutar da kowa ba.

Ni 'yar manoma ce, na kuma auri manomi. Ƙauyenmu irin wanda gonar wani take ƙarewa a bakin dangar wani ne, in ka yi tari a tsakar gidanka maƙwabci zai ce maka sannu. Na haihu sau biyu, ba wanda ya tsaya. Maigidana ya rasu ina da sauran ƙarfina. Da na fita takaba sai na koma ɗakin marigayiya mahaifiyata a gefen gidanmu, ina yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Manema sun zo, bakina ya kore su. Tun ina yarinya ba na tauna magana, abin da na gani shi nake faɗa, kuma mutane ba sa son haka, balle daga mace mara miji.

Mutum ɗaya ce take iya ce min in rufe baki in yi dariya. Hansai ke nan, maƙwabciyata, danga ɗaya ta raba mu. Tare muke suyar gyaɗa, tare muke matse tunkuza. In ta dama fura sai ta miƙo min ta saman danga tana cewa, "Karɓi, mai faɗa, ki jiƙa maƙoshi ki ci gaba." Ban da ita ba ni da wurin zama a garin nan.

Na doshi arba'in sa'ad da na shiga ajin yaƙi da jahilci. Matan gari suka yi ta dariya, wai tsohuwa za ta koyi abacada. Na ce musu ku yi, haƙoranku ne. Sai ga shi kaina yana son lissafi kamar dama can jiransa yake. Na gama ajin manya, na ci gaba, har na zauna jarrabawa a aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yana da sun rayu. Hansai ce ta sa min suna Malamar Boko. Da farko tsokana ce, daga baya sunan ya bi ni.

A kusa da mu akwai wani ƙaramin asibiti. Wata shekara aka kawo aikin gwajin wani maganin hawan jini a wurin. Aka gyara ginin, aka sa sola, aka kawo likita da muke kira Dokta kawai. Suna neman mace 'yar gari mai karatu da za ta riƙa yi wa mata tambayoyi, sai aka ɗauke ni.

Kun san al'adarmu. Ko mutum yana kan gargara, ka ce masa yaya jiki, zai ce da sauƙi. Ba ƙarya yake ba, godiya ce ga Allah, kuma kunya ce. To ni ba na karɓar wannan amsa. Mace ta ce min da sauƙi, sai in ajiye biro in ce, "Na ji, Allah ya ƙara sauƙi. To yanzu gaya min, ina ne yake miki ciwo?" In zauna har sai ta faɗa. Da wannan aka san ni a asibitin. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Mai kula da bayanan aikin wani bawan Allah ne, Malam Bukar, mutumin gabas ne amma a Kano ya tashi. Ya ga ina leƙen kwamfutarsa, sai ya fara ba ni ina shigar da awon mutane. Daga nan ya koya min manhajar lissafi. Ba wasa ba ne. Turanci ne gutsi-gutsi, ka manta ɗigo ɗaya ta ƙi tafiya, ta cika maka fuska da jan rubutu. Na yi kuka a gabanta, na zage ta, Malam Bukar yana dariya yana cewa, "Inna, ba ta jin Hausa." Shekaru na yi kafin hannuna ya faɗa.

Bari in gaya muku aikin, don ku gane laifina. Mutanen da suke shan maganin suna da yawa, kowane wata ana auna jininsu, nauyinsu, a ɗebi jini a kai ɗakin gwaji a Kano a duba lafiyar ƙoda. Manyan likitocin da suke sa ido a kan aikin daga nesa, waɗanda muke kira kwamiti, ba za su zauna su karanta awon kowa ɗaya bayan ɗaya ba. A dunƙule ake kai musu, cikin jadawali, mu a ofis tebur muke ce masa. Kai kake rubuta wa manhaja umarni, ita ta tattara ta fitar. Kowane awo yana da layinsa: mutum nawa aka auna, matsakaicinsu, sai mafi ƙanƙanta, sai mafi girma. Ba suna ko ɗaya, kowa da lambarsa. In kwamiti ya ga abin tsoro a tebur, yana da ikon tsayar da aikin gaba ɗaya. Kuma manhajar nan ce take ware wa Dokta duk wanda awonsa ya wuce iyaka, don ya kira shi.

Malam Bukar ya taɓa ɗora yatsa a kan takarda ya ce min, "Inna, wannan matsakaicin ba kowa ba ne, ba wanda yake zaune a cikinsa. Amma gurabe biyun nan na ƙarshe, kowanne mutum ne guda, yana da gida, yana da mai jiransa." Na ce na ji.

Akwai kuma doka ɗaya da ba ya wasa da ita, muna ce mata hannu biyu. Kowane tebur mutum biyu ne za su gina shi, kowa a kwamfutarsa, kowa da nasa umarnin, ba mai leƙen na wani. In an gama sai a haɗa. In sun yi daidai, a sa hannu. In sun saɓa, a nemo wanda ya yi kuskure. Ko kujerunmu baya da baya ya ajiye su.

Da ya samu wani aiki ya tafi, ni ya nuna. Ya ce wa Dokta, "Ba ta da digiri, amma ba ta da ha'inci." Aka ba ni kujerarsa, aka kawo min hannu na biyu daga Kano, wata yarinya Rukayya, ta gama jami'a, tana da goyo. Kullum a bas take zuwa, ta hau acaba daga bakin titi.

Yanzu sai in gaya muku abin da ban taɓa gaya wa alƙali ba. Karatun nan ya fitar da ni daga cikin matan gari, bai kuma shigar da ni cikin 'yan ofis ba. In na shiga gidan suna sai hira ta tsaya, a gyara min tabarma kamar baƙuwa. A ofis kuma yara suna ta Turancinsu da dariyarsu, in na shigo su ce, "Inna, ina kwana," su yi shiru har in wuce. Abin da nake da shi duka kujerar nan ce, da mutanen da suke cewa teburin Inna ba ya dawowa da tambaya. Sai furar Hansai da yamma. In na rufe ofis na bi ta cikin dawa zuwa gida, ba mai jirana. Har addu'a nake kada Asabar ta zo.

Laifina na farko ƙarami ne. Ranar nan 'yar Rukayya tana zazzaɓi, hadari ya haɗo, ga tebur ana jira. Ta juyo da kujerarta ta ce, "Inna, don Allah ki ba ni naki in kwafa. Ai ke ba kya kuskure. In bas ɗin nan ta wuce ni na shiga uku."

Na ce, "Malam Bukar ya hana."

Ta ce, "Malam Bukar yana nan ne? Inna, ke ce uwata a wurin nan."

Ba wanda ya taɓa ce min haka. Na ba ta. Ta canza sunan fayil, ta sa nata, tebur biyu suka yi daidai, muka sa hannu. Washegari ta zo min da gurasa, ta zauna kusa da ni muka ci, ta nuna min hoton 'yarta. Daga ranar hannu biyu ya koma hannu ɗaya. Na sani sarai, amma na samu mai cin abinci tare da ni, kuma ban so in mayar da kujerar baya da baya.

Abu na biyu shi ma ƙarami ne. Wani gurbi ba a rubuta nauyin mutum ba. Dokar ita ce a bar shi haka, a bayyana cewa babu. Ni kuwa ba na son ganin tebur da giɓi, sai na ɗauko nauyinsa na watan jiya na cusa. Na ce nauyi ne kawai, mutum ba ya canzawa a wata ɗaya. Ba wanda ya gani, don wadda za ta gani nawa take kwafa. A nan na gane cewa abin da na rubuta shi ne gaskiyar da za ta isa gaban manya. Maimakon in ji tsoro, daɗi na ji.

Hansai tana da hawan jini. Ni na lallashe ta ta shiga aikin. Ta ce tana tsoron allura, na ce, "Ke da kika haifi 'ya'ya a ɗaki ba ko uhum, allura ce za ta tsorata ki? Ai ina wurin, ni zan riƙa ganin komai." Ta ce, "To tunda kina wurin." Katinta a ƙusa take rataye shi a ɗaki, ni nake karanta mata ranar komawa. Lambarta kuwa na haddace ta kamar sunanta.

Damina ta yi nisa, kwamiti zai zauna. Dokta ya tara mu ya ce, "Allah ya sa teburan nan su fito lafiya. In aka tsayar da mu, kowa sai ya kama gabansa." Kada ku ce shi ya sa ni. Bai ce in taɓa komai ba, fargabarsa kawai ya faɗa. Ni ce na ɗauki maganar na kai ta inda ban kamata ba.

Sakamakon ɗakin gwaji ta hannuna yake shigowa. Na sa manhaja ta fitar da teburin ƙoda. Awon nan in ya hau, ƙoda tana wahala ke nan. Matsakaici lafiya lau. Idona ya je gurbin ƙarshe, mafi girma, na ga abin da ban taɓa gani ba a aikin. Na buɗe don in ga lambar mai shi. Ta Hansai ce.

Na daɗe ina kallonta. Abin da ya kamata ba shi da wuya: in tashi, in taka zuwa ɗakin Dokta, ƙofa biyu ce tsakaninmu. Amma sai na ga kwamiti ya tsayar da aiki, an kulle ofis, Rukayya ta koma Kano, ni na koma ɗakina da kaskon suya, matan gari suna cewa ina bokon ya kai ta. Sai na fara yi wa kaina wa'azi. Na ce ai na'ura ma tana kuskure. Na ce ai jiya na ga Hansai tana shara. Na ce a bari kwamiti ya tashi, wata mai zuwa a sake aunawa, in ya maimaita zan faɗa da bakina.

Jini yakan lalace a hanyar Kano saboda zafi, wannan ba baƙon abu ba ne, kuma in ya lalace ba a lissafa shi. Sai na rubuta layi ɗaya a cikin umarnin. Ma'anarsa: in ka zo kan wannan lamba, ka ɗauka jininta ya lalace. Na danna. Yawan mutane ya ragu da ɗaya, gurbin mafi girma ya sauko, lambarta ba ta fita cikin waɗanda Dokta zai kira ba. Rukayya ta kwafa, muka sa hannu. Kwamiti ya ce a ci gaba. Dokta ya saya mana lemo.

Da yamma na leƙa ta danga. Hansai tana zaune a kan turmi, ta jingina da bango. Na ce, "Hansai, yaya jiki?"

Ta ce, "Da sauƙi, Malamar Boko."

Na ce, "To madalla." Na juya na shiga ɗaki.

Ni ce fa. Ni da aka ɗauka aiki saboda ba na karɓar wannan amsa daga bakin kowace mace. Ranar na karɓe ta hannu bibbiyu, don ita nake nema. Da na ajiye abin hannuna na tsallaka na zauna na ce ina ne yake miki ciwo, da ta faɗa min. Na san za ta faɗa, shi ya sa ban tambaya ba.

Wata ya zagayo, awon ya ƙara hawa. Yanzu in na faɗa, dole a tambaye ni na watan jiya. Layin yana nan inda na bar shi, ba sai na ƙara komai ba, shi da kansa yake cire ta. Wannan ita ce muguntar manhaja, 'ya'yana. Ɓarawo sai ya sake fita kafin ya sake sata. Ni sau ɗaya na rubuta, ta ci gaba da yi min kowane wata ina zaune.

Rukayya ta lura. Ta ce, "Inna, wannan lambar kullum jininta lalacewa yake?"

Na ɗaga murya na ce, "Ke kike ɗaukarsa a acaba? Ko ke kike riƙe da rana? Yaushe kika zo wurin nan da za ki koya min aiki?"

Ta ce, "Yi haƙuri, Inna." Ba ta sake tambaya ba. Bakin da nake alfahari da shi cewa gaskiya yake faɗa, da shi na danne yarinyar nan.

Na fara gudun Hansai. In na ji motsinta a bakin danga sai in yi kamar ina salla. Fura ta riƙa kwana a kan danga har Hansai ta daina miƙowa. Na yi tunanin in ce mata a ɓoye ta daina shan maganin, sai na tuna ana ƙirga ƙwayoyin, za a tambaye ta dalili, Hansai kuwa ba ta iya ƙarya ba, za ta ce Malama ce ta ce. Sai na fasa. Wata rana na hango ƙafafunta sun kumbura, silifas ba ya shiga. Ta ce min zaman tsinkar gyaɗa ne. Na ce ƙwarai, zama yana sa haka.

Ana cikin kaka ta faɗi a gona. 'Yarta Bilki, wadda take aure a unguwar gaba, ita ta bi ta zuwa babban asibiti a Kano. Ban je ba. Na ce aiki ya yi min yawa. Ba ta daɗe ba aka dawo da ita a mota, an lulluɓe. Na shiga gidan makoki na zauna a cikin mata, ana ta yi min gaisuwa ni ma, ana cewa, "Sannu, kin yi rashin 'yar'uwa." Ina amsawa.

In wanda yake cikin irin wannan aiki ya rasu, sai an bincika. Aka turo masu bincike. Ba su nemi komai a hannuna ba. Suka je ɗakin gwaji suka karɓo sakamako tun daga tushe, suka gina nasu teburin, suka ajiye kusa da nawa. Hannu na biyu na gaskiya ke nan, wanda na kashe. Jinin Hansai bai taɓa lalacewa ba ko sau ɗaya. Suka buɗe umarnina suka ga layin. Suka buɗe na Rukayya suka ga shi a wurin, harafi da harafi, har da 'yan kalmomin Hausa da nake rubuta wa kaina a gefe don tuni.

Shugabarsu ta juyo da kwamfutar ta ce, "Malama, wa ya rubuta wannan?"

Na ce, "Ni ce."

"Wa ya sa ki?"

"Ba kowa."

"Me aka ba ki?"

Na ce, "Ba a ba ni komai ba." Ta dube ni kamar ta fi son a ce an ba ni, don da ta fi ganewa.

Dokta bai yi min faɗa ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Inna, ƙofa biyu ce fa." Ya tafi. Likitoci ba su ce lallai maganin ne ya kashe ta ba, kuma ni ba zan ce ba, rai a hannun Allah yake. Abin da suka ce shi ne da an gani tun watan farko, da an tsayar mata da shi an nema mata magani tun ƙodar tana da sauran ƙarfi. Wannan damar ce na sace mata.

Aka tsayar da aikin da nake tsoron a tsayar. Aka kori Rukayya. Aka kai ni kotu da laifin ha'inci da yin jabun bayanai. Lauyan da aka ba ni ya ce in ce ban san abin da layin zai yi ba, tunda da girma na yi karatu. Na ce masa, "Ɗan nan, kada ka mayar da ni jahila don ka cece ni. Na sani." Na gaya wa alƙali cewa Rukayya kwafa kawai ta yi, kuma ta tambaya na tsawatar mata. Ita ba a ɗaure ta ba, ni aka ɗaure. Da muka fito ta wuce ni da goyonta, ba ta dube ni ba.

A gidan yari, ɓangaren mata, kowa ana sanin laifinsa. Wannan sata, waccan faɗa ne ya kai ga jini. Suka ce, "Inna, ke me kika ɗauka?" Na ce ban ɗauki komai ba, mutum na cire daga tebur. Wata ta ce, "Tebur na cin abinci?" Da na yi musu bayani, wata 'yar Fagge mai baki ta ce, "Au, ke mayya ce ta boko ke nan. Kina zaune a ɗaki kika cinye maƙwabciya." Aka yi dariya. Ni ban yi ba, don ban ga inda ta yi kuskure ba.

Ranar ziyara gandiroba takan tsaya ta kira sunaye. Duk zamana ba a kira nawa ba. Nakan zauna a gindin bango inda rana take faɗowa in yi ta tunanin layin nan. Gajere ne, bai kai tsawon yatsana ba. Na goge shi a zuciyata ba adadi. A can na koyi yin istigfari na gaske, ba na gefen baki ba. Amma malamar da take zuwa yi mana wa'azi ta gaya min abin da na riga na sani, cewa haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe, mai shi kuwa tana ƙasa.

Da wa'adina ya cika aka buɗe min ƙofa. Na hau bas, na sauka a bakin titi, na taka da ƙafa ta cikin gonaki don kada ɗan acaba ya gane ni. Asibitin ya koma yadda yake da, ofishinmu an zuba buhunan taki a ciki. Mutanen gari suna amsa sallamata, iyakarta ke nan. Wasu suna jin haushina don Hansai, wasu don likitan da ya tafi. Duka suna da gaskiya.

Na daɗe kafin na iya zuwa gidan Bilki. Na same ta tana tankaɗe. Na durƙusa a gabanta, ni da na goya ta tana jaririya, na faɗa mata komai da bakina, ban rage ba. Na ce ban zo don ki ce kin yafe ba, na zo don ki ji daga gare ni.

Ta ci gaba da tankaɗenta har ta gama. Sannan ta ce, "Inna, yafiya ban kai nan ba tukuna, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma akwai saƙonki a wurina, ya daɗe yana yi min nauyi. A asibiti kullum sai mahaifiyata ta tambaya ko kin zo. Ranar ƙarshe ta ce, in kin koma ki gaya wa Malamar Boko kada ta tayar da hankalinta ta bar aikinta, ki ce mata da sauƙi."

Ta ɗauki rariyarta ta shiga ɗaki. Na tashi na koma gida.

Yanzu na koma kan kaskona. Ina yin mai da ƙuli, yaran unguwa suna saya, iyayensu ba sa shigowa. Dangar tana nan, wasu ne a gidan. Ban sake taɓa kwamfuta ba kuma ba wanda zai ba ni. Takarda da biro kawai nake da su, da su na rubuta muku wannan.

To ku saurare ni, ku masu koyon wannan aiki da ire-irensa. Karatu bai cuce ni ba, kada wani ya fake da ni ya hana 'yarsa ko matarsa makaranta. Ni na cuci karatun. In an ce mutum biyu za su yi abu kowa daban, ku yi shi daban, ko da abokin aikin naku shi ne kaɗai mai yi muku murmushi a duniya. Wanda yake duba aikinka ba maƙiyinka ba ne, ranar da zuciyarka za ta karkace shi ne zai tare ka. In gurbi babu komai, ku bar shi babu komai, ku faɗa. In lamba ta ba ku tsoro, ku tashi da ita a hannu ku kai wa mai ikon yin wani abu a ranar, kada ku ce sai wata mai zuwa. In kuma kaɗaici ne yake cin ku, ku nemi wanda za ku gaya wa, don ni ba kwaɗayi ne ya kai ni gidan yari ba, tsoron komawa ɗaki ni kaɗai ne. Ga shi na koma, kuma yanzu ko mai miƙo fura babu.

Duk sa'ad da tebur ya fito muku, kafin ku sa hannu, ku kai ido gurbin ƙarshe. Akwai mutum a ciki. In kun san gidansa, ku je. In ya ce muku da sauƙi, ku ajiye abin hannunku, ku zauna, ku sake tambaya.

Allah ya ji ƙan Hansai. Ni kuma ku sa ni a addu'a in kun ga dama.